Ɗakin ne ya yi ƙanƙanta, ko kayan ne suka yi yawa?

Yau ba maganar zaɓe za mu yi ba, ba ta neman aiki ba, kodayake in kun bi ni a hankali za ku ga ba su rasa nasaba da juna ba. Yau maganar ɗaki za mu yi. Ɗaki ɗaya, ko ciki da falo, irin wanda yawancinmu matasa muke iya kamawa a Kurna ko Ɗorayi, a Rigasa, a Mararaba ko Suleja. Kuɗin haya kullum hawa yake, ɗakunan da ake ginawa kuma kullum ƙara matsewa suke. Ba mu da ikon matsar da bangon mai gida. Abin da ke hannunmu shi ne abin da muke zubawa a ciki.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a maganar ɗaki, don Allah kar ku yarda da ido. Ku nemi tef ɗin awo, ko aro ne a wajen tela ko kafinta. Bari mu yi lissafin tare, ku ji inda filin yake tafiya.

Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi. Murabba'in ƙafa 144 kenan. A kawo gado mai katifa 6 da 6. Katifar kaɗai 36 ce, amma in ka haɗa da allon kai da katakon gefe, ya kai wajen 45. Dirowa biyu na gefen gado, a ce 5. Sif mai tsawon ƙafa 6 da zurfin ƙafa 2, 12 kenan, kuma dole ka bar wata 12 a gabanta, in ba haka ba murfin ba zai buɗu ba. Madubi da 'yar kujerarsa, 8. Ƙofar ɗakin ita ma in za ta buɗe tana cin wajen 7. Ku tara, kusan 90 ta tafi. Saura hamsin da 'yan kai, su ma ba a haɗe suke wuri ɗaya ba, 'yan siraran lunguna ne da sai ka karkace kake wucewa. Kuma fa ba mu sa akwatuna ba, ba mu sa fanka ba, ba kwandon wanki, ba firij, ba jariri.

Falo ma haka. Saitin kujerun nan da kowa ya sani, mai zaman mutum uku, mai biyu, da ɗaiɗai guda biyu, in ka jera su tsawonsu ya kai ƙafa 19, zurfin kowace kuma kusan 3. Wajen 57 kenan, kusan kashi 40 cikin 100 na falo mai 12 da 12. A shago ba ka ganin haka, saboda shagon fili ne fetal, silin yana can sama. Sai an sauke su a ƙofar gida ake fara kallon-kallo, har ka ji ana cewa a kira kafinta ya cire ƙyaure.

A nan ne maganar take taɓa ni sosai, don ba ta ado ba ce kawai. A al'adarmu ango ne ke nemo muhalli, iyayen amarya su yi kayan ɗaki. Su waye suke zaɓen kayan? Sau da yawa uwa ce da 'yan uwanta, waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin ba sai ranar jere. Ba da girman ɗakin suke aunawa ba, da abin da aka kai wa 'yar wance suke aunawa. Uba ya sayar da fili, ko ya ci bashi, uwa ta kwashe adashinta na shekara biyu, duk don 'yan ganin ɗaki su shiga su fito su ce masha Allah. Kwana bakwai an gama ganin ɗaki. Yarinyar da aka bari a ciki ita za ta yi shekaru tana buga gwiwa a kusurwar gado. Na san wata ƙawar ƙanwata da aka mayar da kujerarta ɗaya gidan iyayenta tun ranar jere, don babu inda za ta shiga. Tana can a zaure an lulluɓe ta da tsohon zani, kuma an daɗe ana biyan bashinta. Mu kuma samari da 'yan mata muna zaune muna cewa aure ya yi tsada, alhali wani ɓangare na tsadar katako ne da soso da ba mu da wurin ajiye su.

To me za a yi? In ke ce amaryar, ki sa a auno miki ɗakin tun kafin a ba kafinta kuɗi, har da faɗin ƙofa da inda taga take. Ki kai wa Umma takardar cikin ladabi. Ba cewa za ki yi ba kya son kayanta ba, wannan faɗa ne za ki jawo. Cewa za ki yi, Umma ga girman ɗakin, ina tsoron a kashe kuɗi a zo bai shiga ba. Lamba ba ta gardama. Kai kuma ango, kar ka ji kunyar faɗin gaskiyar inda ka kama. Ɓoye ƙanƙantar ɗaki har ranar jere ba ya ƙara masa ko taku ɗaya.

Gado shi ne babban mai cin fili, don haka daga shi za a fara. Katifa 4 da rabi da 6 murabba'in ƙafa 27 ce. Tsakaninta da mai 6 da 6 akwai 9. Kun san mene ne 9? Wurin shimfiɗa sallaya kenan har da ɗan ragi. Akwai ɗakunan da sai an hau gado ko an fita tsakar gida ake samun wurin sujada, saboda wannan bambancin kaɗai. Sannan kar a kafa gadon a tsakiyar bango a bar lungu hagu lungu dama. A tura shi kusurwa, lungu biyu marasa amfani su haɗe su zama fili ɗaya da za a iya zama a ci abinci. Dirowa ɗaya ta isa. Ƙarƙashin gadon kuma kar a toshe shi da katako a banza. A ce wa kafinta ya yi masa manyan dirowowi, ko a ɗaga shi yadda akwati zai shige. Barguna da rigunan sanyi da ba a taɓa su sai lokacin hunturu, can ne wurinsu.

Af, tun da na ambaci akwati, akwatunan lefe fa an yi su ne yadda ƙarami zai shige cikin babba. Ban san wanda ya fara jera su kamar dala a kusurwar ɗaki ba. A zuba kayan a sif, a zura akwatunan cikin juna, saiti guda ya koma akwati ɗaya, a ɗora shi saman sif.

Abin da yake ba ni mamaki, wannan dabarar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Ku tuna ɗakin kakanninmu. Tabarma a shimfiɗa da dare, da safe a naɗe a jingine, ɗakin kwana ya koma ɗakin zama. Ragaya tana rataye daga sama da ƙwarya a ciki. Fitila tana cikin alkuki, wato ɗan gurbin da aka fafe a jikin bango. Tufafi suna cikin adudu. Kusan komai ko yana rataye, ko yana naɗewa, ko yana cikin bango, ƙasa kuwa ta mutane ce. Wanda yake Kano ya shiga Gidan Makama ya kalli yadda magina na da suke sarrafa bango da rufi. Mutanen Japan ma har yau da tabarmarsu suke auna ɗaki, tatami suke ce mata. Ɗaki mai tabarma 6, wanda ruwan dare ne a can, wajen murabba'in mita 10 ne. Namu mai 12 da 12 ya haura mita 13. Wato ɗakin da kake rainawa ya fi na mutane da yawa a Tokyo girma. Su masu kwana a shimfiɗa, naɗe ta suke yi da safe su tura cikin kabad. Mu ne muka ajiye namu salon, muka ɗauko kayan da aka zana don manyan gidaje muka cusa a ɗakin haya.

Don haka duk abin da zai iya barin ƙasa, ya bar ta. Talabijin ta hau bango, a huta da teburinta. Fankar bango ko ta sama maimakon mai tsayuwa da kullum ake tuntuɓe da wayarta. Kanta biyu ko uku a sama, kusa da silin, don littattafai da kayan da ba kullum ake nema ba. Bayan ƙyaure a sa maratayi na hijabi da jaka da hula. In za a yi sif, a yi ta siririya doguwa har ta kusa taɓo silin, kuma in da hali a yi mata murfi mai zugewa gefe, wannan 12 ɗin da muka ware a gabanta ta ragu sosai. Kafintocin da ke sayen katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ko masu walda na Panteka a Kaduna, duk za su iya, in dai ka je musu da awo da hoto. Amma ɗan haya, ka sanar da mai gida kafin ka fara huda masa bango, kuma ka sa a yi maka abin da ake kwancewa da sukurdireba. Gidan ba naka ba ne, wata rana ɗauka za ka yi.

A falo, ni a ganina doguwar kujera ɗaya ta wadatar, sai kafet mai kyau da tum-tum biyu ko uku, irin na fata da ake samu a Kasuwar Kurmi. Mu faɗi gaskiya, baƙinmu nawa ne suke zama a kujera in an kawo abinci? Kowa saukowa yake. Teburin tsakiya kuwa, a ƙaramin falo ba abin da yake yi sai tare hanya da fasa wa yara goshi. Ƙananan tebura masu shigewa cikin juna sun fi shi, a jawo in ana buƙata, a mayar.

Sai abin da ido yake gani. Fenti mai haske, fari ko ruwan madara, yana mayar da haske cikin ɗaki, mai duhu kuma shanye shi yake. Na san za ku ce fari da ƙurar hunturu da hannun yara ba sa shiri. Akwai fenti mai santsi da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ya fi tsada kaɗan amma ya fi a sake fenti duk shekara. Launi kar ya wuce biyu ko uku a ɗaki. In labule yana da fulawa, zanin gado yana da fulawa, kafet yana da zane, bango ma an manna masa takarda mai zane, ido ba ya samun inda zai huta, sai ka ji kamar ɗakin yana matso ka. Shi labule, a kafa ƙarfensa can sama kusa da silin, ya sauko har ƙasa, kuma ƙarfen ya zarce faɗin tagar ta kowane gefe, yadda in an zuge tagar za ta fito gaba ɗayanta. In kun je Kantin Kwari ku nemi yadi mara nauyi, ba mai kaurin bargo ba. Madubi dogo guda ɗaya a manne a bango, yana fuskantar taga, zai yi aikin wancan mai dirowa da kujera, ya ninka hasken, kuma bai ci ko taku ɗaya na ƙasa ba.

Taga kuwa, jama'a, a nan ba wasa. Sau nawa kuka shiga ɗaki kuka tarar an jingina sif a jikin taga saboda nan ne kaɗai ta samu shiga? A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Ɗakin da iska ba ta ratsawa, in aka ɗauke wuta, tanda ne. Kuma lokacin nan na rani da zafi shi ne lokacin sanƙarau, cutar da ta fi samun hanya inda mutane suka cunkushe iska ba ta zagayawa. Tarin fuka ma haka. In sif ba ta da wuri sai gaban taga, sif ɗin ce za ta fita. A sa wa tagar raga saboda sauro, a bar ta a buɗe. In hunturu ya zo kuma, kar a shigar da kaskon gawayi a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi, kuma ƙaramin ɗaki ya fi saurin cika da ita. Janareto a bakin taga ma haka yake. Tukunyar gas ita ma ba abokiyar kwana ba ce, in da inda za a ajiye ta a waje cikin inuwa, a ajiye.

Akwai kuma kayan da ba dabarar da za ta cece su, sai dai a rabu da su. Kulolin da aka tara tun biki ba a taɓa buɗe su ba, jeren tangaran na kabet da aikinsa kawai a goge shi ranar Asabar, kwalayen waya da na talabijin da aka ce za su yi amfani wata rana, takardun makaranta tun aji ɗaya a jami'a. Mu 'yan boko wannan ta ƙarshen tamu ce. Abin da ya shekara ba a taɓa shi ba, ban da takardun shaida, a fito da shi tsakar gida a raba uku: na sayarwa a ba dillaliya, na kyauta a ba wanda za a aurar ko wanda gobara ta shafa, sauran a ba 'yan gwangwan. Kuɗin da dillaliya ta kawo, shi za a ba kafinta ya yi kantar bango da dirowar ƙarƙashin gado.

Nan za mu dakata yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.