Kuɗin Kai Ya Tuɓe Firayim Minista A Ingila

Laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a taron mako

Na san waɗansunku rufe rumfa suka yi suka zo, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Kullum a kan ji mutum ya ce, ina amfanin maganar talaka, mu yi ta kuka su yi ta ci? To, yau zan ba ku labarin wata Firayim Minista ta ƙasar Ingila, Magaret Taca, ku ji ta wace hanya kukan talaka ya bi har ya iske ta.

Da farko ku gane yadda mulkinsu ya ke. A can jama'a ba su jefa wa Firayim Minista ƙuri'a kai tsaye. Kowane yanki ya kan zaɓi wakilinsa ya tura Majalisa, jam'iyyar da ta fi yawan wakilai kuwa shugabanta shi ke riƙe da gwamnati. Mu ma haka muka yi a Nijeriya zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, har zuwa 1966. Watau Firayim Minista a kafaɗar wakilan jam'iyyarsa ya ke zaune, su kuma wakilan kujerunsu suna hannun masu ƙuri'a. Ku riƙe wannan, gama dukan labarin a kansa ya ke tafiya.

Ita Magaret Taca 'yar mai kanti ce a wani gari wai shi Grantham, a saman kantin ubanta ta girma, ta san awo ta san canji. Ta hau mulki cikin 1979 a jam'iyyar Konsabatib, ta sake cin zaɓe a 1983, ta kuma ci a 1987 da rinjayen kujeru wajen 100. Mutumin da ya ci sau uku a jere, ba abin mamaki ba ne ya fara tsammanin duk abin da ya faɗa daidai ne.

Sai ta taɓa haraji. A da, kuɗin da a ke ba hukumomin gari don makaranta da shara da gyaran hanya, bisa darajar gida a ke yanka shi. Mai babban gida ya biya da yawa, mai ƙarami ya biya kaɗan. Ta ce wannan bai yi ba, domin akwai masu jefa ƙuri'a da yawa da takardar haraji ba ta zuwa da sunansu, don haka ba su damu ba in hukumar gari ta yi almubazzaranci. Ta ce kowa ya biya, don kowa ya ji a jikinsa. Hujja ce mai daɗin ji, amma ku dubi yadda ta fito. Aka yanka kuɗi ɗaya a kan kowane baligi na gari guda. Attajiri shi kaɗai a gidan bene ya biya kashi ɗaya. Lebura da matarsa da 'ya'yansa biyu da suka girma, suna cushe a gidan haya, su biya kashi huɗu. Gaskiya an yi rangwame ga 'yan makaranta da marasa aiki, suna biyan ɗaya cikin biyar, amma mai ƙaramin albashi da mai miliyoyi kansu ɗaya. Dattawan da ke nan ba su bukatar a yi musu bayanin kuɗin kai, sun san ranar da mai unguwa ke zagayawa, kafin a soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna cikin 1979.

An fara karɓa a Sikotilan cikin Afrilu 1989, sa'an nan Ingila da Wales cikin Afrilu 1990. Gwamnati ta ce abin zai tsaya wajen fam 278 a kan mutum. Da takardu suka fito sai ga shi ya doshi fam 360. Ga tsadar kaya ta kai wajen kashi 10 cikin ɗari a shekara, ga kuɗin ruwa na banki kashi 15, masu biyan bashin gida suna ta nishi.

Mutane suka kafa ƙungiyoyi unguwa unguwa, suka ce ba su iya biya, ba kuwa za su biya ba. Shugabannin jam'iyyar Leba, su da ke hamayya, sun soki harajin amma ba su yarda da ƙin biya ba, suka ce doka doka ce. Duk da haka miliyoyin mutane suka ƙi biya ko suka yi ta jinkiri, kotuna suka cika da sammaci, har aka ɗaure waɗansu, cikinsu da wani wakilin Majalisa, Terry Fields, wanda aka yanke wa kwana 60 a 1991. Ran 31 ga Maris 1990 dubban mutane suka yi jerin gwano a Landan, abin ya rikiɗe ya zama faɗa da 'yan sanda a dandalin Trafalgar, aka fasa kantuna, aka kama mutum fiye da 300. Kantunan nan da aka fasa kuwa na 'yan kasuwa ne irinku, ba su suka yanka haraji ba.

To, tarzomar nan ta tuɓe ta? Ko kusa. Kashegari tana kan kujerarta, ta ma sami bakin cewa 'yan ta da zaune tsaye ne. Masu auna ra'ayin jama'a suka ce a watan nan mutum ɗaya kaɗai cikin biyar ke jin daɗin aikinta. Wannan ma ba ta kula ba, gama ta taɓa faɗuwa a irin wannan awo a 1981 ta kuma tashi.

Abin da ya girgiza gidan shi ne zaɓen cike gurbi. Ran 22 ga Maris 1990 kujerar Mid Staffordshire, wadda ke hannun Konsabatib, ta koma Leba. Ran 18 ga Oktoba aka yi na Eastbourne, inda jam'iyyar Taca ta ci da ratar ƙuri'a fiye da 16,000 a 1987, sai ga shi 'yan Libaral Dimokurat sun ƙwace. Nan fa kowane wakili ya ɗauko alƙalami ya yi lissafin tasa ratar. Wanda ya ci da 5,000 ya ce, in mai 16,000 ya faɗi, ni ina zan kwana? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen da jiya ke tafa mata a Majalisa suka fara raɗa a lungu.

Kada in rage muku labari, akwai wata rigimar kuma tsakaninta da manyan ministocinta a kan sha'anin tarayyar ƙasashen Turai. A kan wannan ne mataimakinta, Sir Geoffrey Howe, ya ajiye aiki ran 1 ga Nuwamba, ran 13 kuma ya tashi a Majalisa ya yi mata tatas tana zaune tana ji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kashegari Michael Heseltine ya fito neman shugabancin jam'iyya, abin da ya yi wa wakilai alkawari kuwa shi ne zai sake duba harajin nan. Ya san inda ke musu ƙaiƙayi.

Ran 20 ga Nuwamba wakilan jam'iyyar suka jefa ƙuri'a, ita tana Faris wajen taro. Ta sami 204, shi 152. Ta fi shi, amma bisa ƙa'idar jam'iyya saura ƙuri'a 4 ta kai ratar da a ke bukata, tilas a sake. Ta komo ta ce za ta ci gaba. Ta kira ministocinta ɗai ɗai, yawancinsu suka gaya mata, cikin ladabi, ba za ta kai labari ba. Ran 22 ta ce ta sauka, ran 28 Jon Meja ya hau. Shekara 11 da rabi tana mulki, ba ta faɗi babban zaɓe ko sau ɗaya ba, Majalisa ba ta kada gwamnatinta ba. Nata ne suka sauke ta, don tsoron masu ƙuri'a.

Saura abu biyu, su ne na fi so 'yan kasuwa su saurara. Cikin Maris 1991 sabuwar gwamnati ta ce za ta soke kuɗin kai, ta kuma rage fam 140 daga takardar kowa. Jama'a suka yi murna. Amma daga ina kuɗin ya fito? An ƙara harajin da a ke ɗorawa a kan kayan sayarwa, daga kashi 15 zuwa 17 da rabi cikin ɗari. An cire daga takarda an zuba a kan farashi, mai saye ya biya bai sani ba, mai kanti ya sha harara. Ƙarin nan kuwa ya zauna shekara da shekaru bayan kuɗin kai ya wuce.

Na biyu, mutane da yawa, musamman matasa da masu haya, sun ƙi rubuta sunansu a rajistar zaɓe don kada mai karɓar haraji ya gano inda su ke. Sun tsere wa sammaci, amma da zaɓe ya zo cikin Afrilu 1992 ba su da ƙuri'a. Jam'iyyar da ta kawo harajin ta canja shugaba, ta canja murya, ta sake ci da rinjayen kujeru 21, ta zauna har 1997. Sabon harajin da ya maye gurbin, wanda ya koma bin darajar gida, ya fara aiki cikin Afrilu 1993.

Yanzu wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.