WA KE YANKE SHAWARAR KWAMFUTA A JAMI'A?

Ga jawabin da aka yi wa 'yan kasuwa da manoma a Tsamaye, cikin ƙasar Sabon Birni. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Na san akwai wanda ya bar rumfa a hannun yaro ya zo nan, saboda haka ba zan riƙe ku ba.

Maganata yau a kan kwamfuta ce, da yadda a ke yanke shawarar shigo da ita jami'a. Na hangi wani yana murmushi. Yana cewa a ransa, ina ruwan mai awon gero da kwamfutar jami'a? To, malam, ka saurara, in na gama sai ka gaya mini ko da ruwanka ko babu.

Ɗanka ya gama sakandare, yana so ya shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, sai a kan kwamfuta. Tun 2017 ba a ba yaro gurbin karatu sai ta cikin wani tsarin kwamfuta na hukumar, sunansa CAPS, kuma a ciki yaro zai shiga ya ce ya karɓa. Tun 2021 ba a yi masa rajistar jarrabawar sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. In ya shiga, kuɗin makaranta ta kwamfuta za ka biya, sakamakonsa a ciki za a rubuta, albashin malaminsa ta ciki zai fito. Watau kowace ƙofa yaron nan zai bi, na'ura ce a bakinta.

Ku 'yan kasuwa kun san mudu. Mudu ba ya magana, ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa. Amma wanda ya zaɓi mudun da za a yi awo da shi, ya riga ya yanke wa za shi ci riba, wa za shi faɗi. Shi ya sa ba ku yarda a sauya mudu a kasuwa da dare, sai an zauna da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan hatsi, kowa ya gani da idonsa. Haka kwamfuta ta ke a jami'a. Ni ban zo in ce muku a jefar da ita ba, gama ta rage dogon layi, ta rage ɓatan takarda. Abin da na ke tambaya uku ne: wa ya zaɓe ta, da wa aka yi shawara, kuma in ta yi ɓarna wa za a kama?

ABIN DA DOKA TA CE

Jami'ar Sakkwato an kafa ta a 1975, aka sa mata sunan Shehu Usmanu a 1988. Kamar sauran jami'o'in Gwamnatin Tarayya, tana da majalisu biyu manya. Ɗaya ita ce Majalisar Gudanarwa, mai kula da kuɗi da dukiya da ɗaukar ma'aikata. Ɗayar ita ce Majalisar Malamai, mai kula da karatu da jarrabawa da ba da digiri. Dokar jami'o'i ta 1993, wadda aka gyara a 2003, ta ba Majalisar Gudanarwa ikon tafiyar da jami'a ba tare da katsalandan ba. A cikin majalisar nan akwai shugabanta, da shugaban jami'a da mataimakansa, da wakilin Ma'aikatar Ilmi, da mutanen da Gwamnati ta naɗa daga waje, da wakilan malamai, da wakilin tsofaffin ɗalibai. Ku ƙirga da kyau. Babu kujerar ɗalibin da ya ke karatu yanzu. Babu ta ubansa mai biyan kuɗi.

Wannan shi ne a takarda. Yanzu ku ji abin da ya faru a ƙasa.

RIGIMAR ALBASHI

A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara wani tsarin biyan albashi ta kwamfuta daga Abuja, sunansa IPPIS. Nufinsa shi ne a kama ma'aikatan bogi, watau sunayen da ke karɓar albashi alhali babu mutum. Wannan nufi mai kyau ne, ba mai gardama. A watan Oktoba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce duk ma'aikacin da bai shiga tsarin ba, a tsai da albashinsa.

Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta ce ba ta shiga. Hujjarta ita ce, an ɗinka rigar nan ne domin akawun ofis, ba domin malamin jami'a ba. Malami ya kan je wata jami'a ya koyar na shekara guda ya dawo. Wata jami'a ta kan ari farfesa daga maƙwabciyarta domin ba ta da mai koyar da wannan fanni. Farfesa sai ya kai shekara 70 ya ke ajiye aiki, akawu kuwa 60. Suka ce tsarin bai san da waɗannan ba. Suka ƙara da cewa doka ta ba majalisar jami'a ikon ɗaukar ma'aikata da biyansu, to, ta yaya za a ce sai an je Abuja? Sai suka ƙera nasu tsarin, suka sa masa suna UTAS. Ƙungiyoyin sauran ma'aikatan jami'a su ma suka fito da nasu. Mudu uku ke nan a kasuwa ɗaya.

Aka kai UTAS gaban hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa domin a gwada shi. A watan Maris 2022 hukumar ta ce bai ci gwajin ba. Malamai suka ce ƙarya ne, ya ci. Kowa ya tsaya a kan bakansa.

Malamai sun tafi yajin aiki daga 23 ga Maris zuwa 23 ga Disamba 2020, wata tara. Suka sake tafiya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, wata takwas. Gaskiya ɗaya ce, ba na'ura kaɗai aka yi faɗa a kanta ba. Akwai maganar kuɗin gyaran jami'o'i da yarjejeniyar 2009, kuma a 2020 annobar korona ma ta rufe makarantu. Amma maganar IPPIS da UTAS tana cikin manyan abubuwan da suka hana sulhu. Ku haɗa tara da takwas: wata 17.

To, ina aka kwana? Ran 13 ga Disamba 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta zauna ta ce a fitar da jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horon malamai daga IPPIS. Ministan Ilmi na lokacin, Tahir Mamman, shi ya ba da sanarwa. Jama'a, abin da aka ƙi ji a 2019 shi aka dawo aka yi bayan shekara huɗu. Wa ya biya kuɗin wannan gardama? Ba minista ba ne. Yaron da za shi gama a shekara huɗu ya yi shida. Kai ka sayar da tinkiya ka biya hayar ɗaki a Sakkwato, ɗakin ya kwana a kulle. Yarinyar da ta daɗe a gida aka gaji da jira aka aurar, karatu ya tsaya. A duk zaman da aka yi a Abuja, ba wanda ya kira ku ya ce me kuka gani.

NA'URA TANA KUSKURE

Akwai masu cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Ku ji wannan. A jarrabawar JAMB ta 2025 yara da yawa suka ga makin da bai yi kama da ƙoƙarinsu ba. Iyaye suka yi ta kuka. Ran 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye, ya ce kuskure ne daga wajensu. Ya shafi yara 379,997 a cibiyoyi 157, a Ikko da jihohin kudu maso gabas. Wani gyara ne da ya kamata a sa wa na'urorin wuraren nan, ba a sa shi daidai ba. Aka sake musu jarrabawa. Abin lura a nan, an sami mutum mai suna wanda ya tsaya ya ce alhakin yana wuyansa. Da iyaye sun yi shiru, da yaran nan sun tafi da sunan daƙiƙai.

Kada ku zaci a ƙasarmu kaɗai a ke haka. A Ingila, gidan waya ya sa wa masu ƙananan rassansa wani tsarin lissafi mai suna Horizon. Yawancinsu masu kantuna ne kamar ku. Na'urar ta riƙa nuna kuɗi sun ɓace alhali ba su ɓace ba. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900, waɗansu har kurkuku, domin manya sun gaskata na'ura sun ƙaryata mutum. Sai a 2024 aka yi doka ta wanke su gaba ɗaya. In ba wanda ke tsaye a kan na'ura, laifinta a kan ƙaramin mutum ya ke sauka.

HALIN DA MU KE CIKI A GOBIR

Mu kuwa nan muna da tamu damuwa ta dabam. Kun tuna watan Satumba 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Ba na gardamar dalilin tsaro a nan. Amma ku duba: wanda ya zauna a ofis ya ce kome sai ta intanet, kuma ya sa ranar rufewa, ya ɗauka kowane yaro yana da waya mai aiki da wutar caji da hanya mai lafiya. Yaron Tsamaye sai ya hau mota, ya bi hanyar da kuka san halinta, ya je birni, ya biya mai shagon kwamfuta, kana ya duba sunansa. In na'ura ta ƙi buɗewa, ya kwana ya sake biya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. In babu mai irin wannan yoyo a wurin shawara, ba za a tuna da shi ba.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, kowace jami'a ta sami kwamiti tsayayye mai duba duk wata na'ura ko tsarin da za a saya, ya kai rahoto ga majalisun nan biyu. A cikinsa a sa malami, da akawun da zai yi aiki da ita, da ɗalibi mai ƙuri'a, ba ɗan kallo ba.

Na biyu, kada a yi cinikin biri a sama. A gwada tsari a sashe ɗaya na zango guda, a ga inda ya ke ciwo, kana a shimfiɗa shi a kan kowa.

Na uku, a bayyana kuɗi. Wane kamfani aka ba, nawa aka biya, shekara nawa, kuma nawa a ke yanka a kan kowane ɗalibi in ya biya kuɗin makaranta. Dokar sayayya ta Gwamnati ta 2007 ta ce a yi takara a fili.

Na huɗu, a faɗi ofishi da mutumin da za a je wurinsa in na'ura ta cinye kuɗin yaro ko ta ɓatar da sakamakonsa, da kwanakin da za a gyara. Sunan ɗanka da hotonsa da makinsa amana ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su.

Na biyar, a bar ƙofa ta biyu. Duk inda waya ta yanke ko hanya ta lalace, a ƙara wa yaran wurin kwanaki, a buɗe musu tebur da mutum a zaune.

Wani zai ce, mu da ba mu yi boko ba, wa zai saurare mu? Akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011. Ta ce kowane ɗan ƙasa yana iya rubuta wa hukumar Gwamnati ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana bakwai, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ku tara 'ya'yanku ɗalibai in sun zo hutu, su rubuta abin da ya same su, da rana da wata da rasit. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta sa hannu. A kai wa jami'a kwafi ɗaya, a kai wa wakilinmu na mazaɓar Isa da Sabon Birni a Majalisar Wakilai ɗaya. In ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi me ya yi da takardar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam mai gero, yanzu sai ka ba ni amsa. Kuɗin da ka auna mudu mudu ka tara, shi a ke zubawa cikin na'urar nan. Ka tambayi wanda ya zaɓe ta.