Gayyar Zamani: Gudummawarmu Ga Manhaja Mai 'Yanci

Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin ilimi ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani aiki da 'ya'yanmu mazauna birane za su iya yi wa garinsu da harshensu ba tare da sun baro inda suke neman abinci ba. Aikin kuwa shi ne ba da gudummawa ga manhajar kwamfuta mai 'yanci, ta hanyar tsarin da ke adana tarihin kowane gyara.

Da farko, mece ce manhaja mai 'yanci? Kowace manhaja tana da asalin rubutun da aka gina ta da shi, kuma kamfanoni da dama suna ɓoye nasu. A shekarar 1983 wani masani ɗan Amurka, Richard Stallman, ya shelanta shirin GNU domin samar da manhajar da kowa ke da ikon ya yi aiki da ita, ya karanta asalinta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu. 'Yancin da ake nufi bai shafi farashi ba, domin ana iya sayar da irin wannan manhaja. Lasisin GPL da ya fito a 1989 ya gindaya sharaɗin cewa duk wanda ya gyara ta ya raba, dole ya bar wa na bayansa 'yancin da shi ma ya tarar. A 1991 kuma wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux, wanda a kansa aka gina Android da ke cikin wayoyin da yawancinmu ke riƙe da su a wannan zaure.

To, ta yaya dubban mutanen da ba su taɓa ganin juna ba za su yi ta rubutu a takarda ɗaya ba tare da wani ya shafe aikin wani ba? Mu ma 'yan ƙungiya mun san wannan matsala, domin da zarar kundin tsarin mulki ya zagaya rassa, sai a wayi gari da kwafi uku ko huɗu, kowa yana cewa nasa ne na ainihi, ba kuma wanda zai iya faɗin wa ya sauya wane sashe. Masu rubuta manhaja sun daɗe da neman maganin wannan, suka yi aiki da CVS, daga baya Subversion ta zo a shekarar 2000. A watan Afrilu na 2005, bayan an janye wa masu aikin Linux damar yin amfani da BitKeeper kyauta, Torvalds ya rubuta Git, sannan a watan Yuli na shekarar ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowane aiki yana da rumbunsa, wato wurin da aka tara fayilolinsa tare da tarihinsu. Mai son ba da gudummawa zai kwafo rumbun gaba ɗaya zuwa kwamfutarsa, ya buɗe reshe nasa na kansa, ya yi gyaransa a can ba tare da ya taɓa na jama'a ba, ko da kuwa babu intanet a lokacin. Idan ya gama sai ya ajiye gyaran, kuma kowace ajiya tana ɗauke da sunan wanda ya yi ta, da lokacin da ya yi, da layukan da ya sauya, da ɗan bayanin dalilinsa. Har ila yau kowace ajiya tana da hatimi na haruffa da lambobi wanda ya dogara da hatimin ta gabanta, saboda haka duk wanda ya lallaɓa ya sauya tsohon tarihi, asirinsa zai tonu.

Daga nan sai ya aika wa masu kula da aikin buƙatar su duba reshensa. Za su karanta layi bayan layi, su yi tambaya, wani lokaci su mayar masa ya sake, kafin su haɗe shi da babban aiki. Idan mutum biyu suka taɓa layi ɗaya, Git ba ya zaɓar wa kowa, sai ya tsaya ya nuna wurin da aka yi karo, mutane su daidaita. In kuma daga baya aka gano gyaran ya jawo ɓarna, ana iya warware shi kaɗai, sauran aikin yana nan daram. Galibin wannan mu'amala ana yin ta ne a dandali irin su GitLab da GitHub, wanda aka buɗe a 2008, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2018.

Iyayenmu sun san gayya, sun kuma san cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da wannan gayya ta ƙara shi ne, kunyar da kowa ya nome tana nan rubuce da sunansa, shekaru bayan an tashi daga gonar.

Wani zai ce ai wannan aikin injiniyoyi ne. Muna so mu kawar da wannan zato, domin babban giɓin da ya shafe mu na harshe ne. Kalmomin da manhaja ke nuna wa mai aiki da ita sukan kasance a fayil na musamman, jimlar Turanci a sama, gurbin fassara a ƙasa. Malamin Hausa na sakandare, ko ɗan jarida, ko ma'aikaciyar jinya da ta san yadda majinyata ke kiran cututtuka, duk suna iya cike wannan gurbi. Wanda ya ga an rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa, ko dan a madadin ɗan, ya gyara harafi ɗaya ya aika, ya ba da gudummawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa, duk suna cikin ma'aunin Unicode, saura kawai masu sa ido a kan yadda ake aiki da su.

Wasu ma sun riga sun buɗe hanya. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin masu sa kai, kuma akwai Hausa a cikinsa. Masakhane, ƙungiyar masu bincike a kan harsunan Afirka da ta fara a 2019, tana ajiye ayyukanta a fili a GitHub. Wikipedia ta Hausa ita ma tana adana tarihin kowane gyara a shafukanta.

'Yan uwa, abin da ke gabanmu ba ƙarami ba ne. Kalmar da aka sa a waya, ita yaro zai tashi da ita. Idan ba mu zauna inda ake zaɓar waɗannan kalmomi ba, wanda bai san bambancin gora da gora ba, ko kuma injin fassara, shi zai zaɓa mana, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bugu da ƙari, matashin da ya yi shekara yana aika gyara ana karɓa, yana da shaidar aiki da kowane mai ɗaukar ma'aikata zai iya buɗewa ya gani da idonsa.

Saboda haka kwamiti yana ba da shawarwari uku. Na ɗaya, kowane reshe ya nemo mutum biyu da suka iya Git su koya wa matasa a ranakun hutu. Na biyu, kowane sabon hannu ya fara da ƙaramin gyara, ya karanta ƙa'idojin aikin da ya zaɓa, ya kuma karɓi gyaran masu dubawa da haƙuri irin na ɗan koyo a gaban maigidansa. Na uku, sakatariya ta saka kundin tsarin mulkinmu a rumbu irin wannan, amma kada a saka sunayen membobi ko lambobin asusu a rumbun da kowa ke gani, domin abin da ya shiga tarihi yana da wuyar gogewa.

Muna roƙon shugabannin rassa su kawo rahoton abin da suka cimma a taron baɗi.