RUBUTACCEN SHIRI: Baƙin Ido, Kwantak Lens, da Karatun da ke Bayan Digirin Oftometiri

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi son karantawa a nutse.

Yau maganar ido za mu yi, kuma za mu yi ta ne da mutum uku a rai. Na farko, ɗalibin da ke tunanin karanta oftometiri, ko ya riga ya shiga yana tambayar kansa: in na gama sai me? Ta biyu, 'yar uwarmu da ke sa kwantak lens mai kala don kwalliyar biki. Na uku, uwa ko uban da yaronsu kullum hannunsa na kan ido yana murza, an canza masa tabarau sau uku amma har yanzu allo bai fito masa ba. Dukkansu ukun nan wuri ɗaya maganarsu ta haɗu, wato a kan wani ɗan siririn abu da ke gaban ido, wanda likitoci ke kira koniya.

To mene ne koniya? Ka ɗauki madubi ka dubi idonka. Wurin da muke cewa baƙin ido, a gaskiya ba baƙi ba ne a samansa. Akwai wani murfi garai-garai kamar gilashin agogo da ya rufe shi, kalar da kake gani tana can ƙarƙashinsa. Wannan murfin shi ne koniya. Faɗinsa bai wuce milimita 11 zuwa 12 ba, kaurinsa a tsakiya kuwa kusan rabin milimita ne kacal. Amma duk ƙanƙantarsa, kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido shi ke yi. Kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, iskar da yake shaƙa daga sarari yake samunta, ta cikin hawayen da ke kwance a kansa. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

In koniya ta ji ciwo ta warke da tabo, shi ne farin nan da muke kira hakiya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na wannan makanta abu ne da ake iya karewa ko magancewa. Yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na biye, amma tabon koniya ma yana cikin manyan dalilan: ƙyanda, amosanin ido, rauni, da magungunan da ake ɗiga wa ido ba da sani ba.

Yawwa. Yanzu su wane ne masu aikin ido? Mu dai kowa "likitan ido" muke ce masa, amma su uku ne. Akwai likitan da ya yi karatun likitanci gaba ɗaya, sannan ya ƙware a ido, shi ne mai tiyata, shi ke cire yana, shi ke dashen koniya. Akwai oftometiris, wanda ya yi shekara 6 a jami'a ya fito da digirin dakta na oftometiri. Shi ke auna gani, ya binciki lafiyar ido, ya rubuta tabarau da kwantak lens, ya gano cuta, ya tura wa mai tiyata abin da ya kamata a tura. Sai na uku, mai yanka gilashi da haɗa tabarau bisa abin da aka rubuta. Na biyu da na uku hukuma ɗaya ke yi musu rajista, ODORBN, wadda doka mai lamba 34 ta 1989 ta kafa. In ka cire na farkon, duk wanda ba shi da rajistarta, ko da fararen kaya ya sa, ba shi da hurumin rubuta maka lens.

A Najeriya, Jami'ar Benin ce ta fara koyar da wannan fanni tun a shekarun 1970, shi ya sa aka daɗe ana ganin kamar sana'ar 'yan Kudu ce. Yanzu kuwa Jami'ar Bayero tana da nata sashen, kuma asibitin koyarwarta ai kun san shi, Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, wanda aka kafa a 1988. Wato yaron da ya tashi a Tarauni ko Hausawa ko Unguwa Uku, ba sai ya tsallaka Kwara ba kafin ya zama oftometiris. Ingilishi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji zai rubuta a JAMB. In ya gama shekara shidan, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa.

To daga nan fa ake rabuwa. Wani zai buɗe shagonsa na gwajin ido da tabarau, kuma wallahi aiki ne mai kyau, ana buƙatarsa. Wani kuma zai ce a'a, ni zan ƙara zurfi a wuri ɗaya. Wannan ƙarin horon shi ake kira rasidansi, wato ka koma ƙarƙashin wanda ya fi ka, kana ganin marasa lafiya masu wuyar sha'ani kullum, ana duba aikinka, ana gyara maka, kana gabatar da bayanin waɗanda ka duba a gaban manya. A Amurka yawanci shekara ɗaya ce bayan digiri, ba dole ba ce, kuma koniya da kwantak lens na cikin sanannun fannoninta. A Indiya akwai cibiyar ido ta L V Prasad a Haidarabad, wadda aka kafa a 1987, tana ba da irin wannan horo. A gida Najeriya kuma akwai kwalejin ƙwarewa ta masu oftometiri, wadda waɗanda suka kammala ke sa FNCO a bayan sunansu, kuma koniya da kwantak lens ɗaya ne daga rassanta.

Wani zai ce, haba malam, ɗan robar da ake mannawa a ido har sai an yi masa karatu na musamman? To saurara.

Akwai wata cuta, keratokonas. Lafiyayyar koniya siffarta kamar kifaffiyar ƙwarya ce, zagaye sumul. A wannan cutar sai ta riƙa sirancewa tana turowa gaba, har ta yi tsini kamar malfar Fulani. Yawanci tana farawa ne a shekarun balaga, ta yi ta ci gaba har mutum ya kai talatin da wani abu. Akwai gado a ciki, amma babban abin da ke rura ta shi ne yawan murza ido. Mu kuwa a nan me ya fi yawa a wurin yara, musamman maza? Ƙaiƙayin idon nan mai sa farin ido ya koma ruwan ƙasa, wanda ke tashi da zafi da ƙura. Yaro ya shekara biyar yana murza ido da bayan hannu, gida ana cewa zai daina in ya girma. Sai ya shiga sakandare a ga ya fara kasa karatu, ana ce masa daƙiƙi, alhali fitila ɗaya yake gani ta zama uku.

A farko tabarau na taimakawa. In abin ya yi nisa kuwa, duk gilashin da aka ɗora masa ba zai gyara ba, domin matsalar ba ƙarfin gilashi ba ce, fuskar koniyar ce ta karkace. A nan ne kwantak lens mai tauri ke yin abin mamaki. Ka tuna titi mai ramuka bayan ruwan sama: ruwa ya cike ramukan, sama ta yi sumul. Haka hawaye ke cike tsakanin karkatacciyar koniya da lens ɗin, sai haske ya sami sabuwar fuska madaidaiciya. Akwai ƙarami, mai faɗin milimita 9 zuwa 10, da ke zama a kan koniyar. Akwai babba, daga milimita 15 zuwa sama, wanda ba ya taɓa koniya sam, a kan farin ido yake zama kamar rumfa, ana cika shi da tsaftataccen ruwan gishiri na asibiti kafin a sa. Yaron da ba ya iya karanta babban harafin saman allon gwaji, da irin wannan lens ɗin yana iya saukowa har layukan ƙasa.

Amma daidaita shi ba wasa ba ne. Sai an ɗauki taswirar koniya da na'ura, a sa lens na gwaji, a ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa, a haska da shuɗin haske a ga inda ya matse da inda ya yi sako-sako, a canza, a sake. In ya matse tsinin koniyar, tabo zai bari. Wannan ido da hannu ba a samunsu a littafi, sai an ga idanu ɗaruruwa a gaban malami. Amfanin rasidansi ke nan.

Kuma lens ba ya tsayar da cutar, gani kawai yake gyarawa. Abin da ke tsayar da ita wani aiki ne da aka ƙirƙiro a birnin Dresden na Jamus, aka wallafa sakamakonsa a 2003: a jiƙa koniya da sinadarin bitamin B2, a haska ta da wani nau'in haske, sai zarurrukanta su ƙara ɗaurewa. Sharaɗinsa a zo da wuri, kafin koniyar ta yi siriri da yawa. In an makara sai dashe, dashe kuma sai an sami wanda ya ba da koniyarsa bayan rasuwa, abin da ke da matuƙar wuyar samu a ƙasar nan. Don haka ƙwararren da ya gane cutar a yaro ɗan shekara 13 ya tura shi a kan lokaci, ya yi masa abin da kuɗi ba za su saya ba daga baya.

Ba keratokonas kaɗai ba. Jaririn da aka cire wa yana tun yana goye, lens ne sau da yawa ke riƙe masa gani kafin ya isa a sa masa na dindindin. Mai hakiyar da ke jin kunyar shiga mutane, akwai lens mai zanen ƙwayar ido da ke rufe farin. Mai bushewar ido mai tsanani, babban lens ɗin nan mai ruwa yana ba shi sauƙi. Duk aikin wannan fanni ne.

To Hajiya amarya, ga naki. Lens mai kala ba kayan kwalliya ba ne irin jan baki, kayan asibiti ne da aka yi wa kala. Kin tuna mun ce koniya daga sarari take shaƙar iska? Duk lens ɗin da kika ɗora yana rage mata numfashi. In kika kwana da shi, haɗarin kamuwa da gyambon ido yana ninkuwa sau 6 zuwa 8, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana. Akwai ƙwayar cutar da ke iya cinye koniya cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma wata da ke zaune a ruwan famfo da na rijiya da na tanki, wadda maganinta ke ɗaukar watanni. Saboda haka:

Kada ki karɓi lens ɗin da aka sa wa wata, ko da mai kwalliyar ta rantse ta wanke shi. Kada ki wanke shi da ruwan leda, ko na famfo, balle yawu. Ki wanke hannu da sabulu ki busar kafin ki taɓa shi. Ki sa lens kafin kwalliya, ki cire shi kafin ki goge ta, kuma kada kwalli ya shiga gefen ciki na fatar ido. Wajen alwala ki rufe ido da kyau lokacin wanke fuska. Ranar da hazo ya sauka, ƙura ta tashi, tabarau ya fi miki. In kuma ido ya yi ja, yana zafi, ba kya son haske, ko gani ya dushe, ki cire lens ɗin nan take, ki tafi asibiti a ranar, da lens ɗin da mazubinsa a hannu. Ba gobe ba, ba bayan an kai amarya ba. Araha ba ta ado, jama'a.

Iyaye kuma, don Allah a daina zuwa kemis a ce "ba ni maganin ƙaiƙayin ido". Da yawa daga cikin waɗanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan da nan suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. In aka daɗe ana ɗigawa ba tare da likita na aunawa ba, yana jawo hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa. Kano ba ta rasa wuraren zuwa ba: ga Asibitin Malam, ga Asibitin Murtala, ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari da ke aiki tun 1943. In yaro na murza ido kullum, ko lambar tabaransa na canzawa duk bayan 'yan watanni, ku buɗe baki ku ce a duba masa siffar koniya.

Ƙannena ɗalibai, ba zan ɓoye muku ba, hanyar nan tana da tsada. Na'urar taswirar koniya ba kowane asibiti ke da ita ba. Lens na musamman daga waje ake odarsa, da dala, ga jiran makonni. Waɗanda suka ƙware kuma da yawa Saudiyya da Ingila na janye su, kuma ba wanda zai zargi mai neman na kansa. Amma ku duba ta ɗaya gefen: gari mai miliyoyin mutane, ga ƙura, ga zafi, ga yara masu ƙaiƙayin ido a kowace unguwa, ga 'yan mata na sayen lens a intanet. Wanda ya iya wannan aikin ya zauna a nan, marasa lafiya daga Katsina, Jigawa, har Maraɗi da Damagaram za su neme shi. Kuma zai yi musu bayani da Hausa, wanda shi kansa rabin magani ne, domin lens ɗin da mai shi bai fahimci yadda zai kula da shi ba, cuta ne.

In kana sha'awa, fara tun yanzu. A shekarar sanin makamar aiki ka nemi asibitin da ake daidaita lens, ka manne wa wanda ya iya. Ka riƙa rubuta bayanin idanun da ka duba, ba tare da sunan masu su ba. Ka saba da karanta mujallun bincike. Ka tambayi manyanka a ƙungiyar masu oftometiri ta ƙasa yadda ake shiga kwalejin ƙwarewa, da sharuɗɗan shekarar da kake ciki, tunda sukan canza.

Nan za mu tsaya a yau. Wanda ke da tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma kada a turo hoton ido a ce mu faɗi magani, wannan sai asibiti. Ku tura wa ƙawar da bikinta ya matso, da makwabcin da yaronsa ke murza ido. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya tsare mana ganinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.