Abin da ke nunar da ayaba

Yau hirarmu a kan mangwaron nan ne da za ki sayo jawur, ki kai baki ki ji tsami kamar tsamiya. Amma bari mu fara ta kicin.

Gas ɗin girki, kananzir, kyandir, har basilin ɗin shafawa, duk 'yan gida ɗaya ne. Sinadarai biyu suka haɗu suka yi su: kabon da haidirojin. Ki ɗauka kowane ƙwayar kabon hannu 4 gare shi, haidirojin kuwa hannu 1 tak. A gas ɗin girki, kabon 3 ne ko 4 suka yi layi, kowane ya riƙe maƙwabcinsa da hannu ɗaya, sauran hannayen duk haidirojin ya cike su. Masana kan ce irin wannan ya ƙoshi. Ba ya neman kowa, shi ya sa yake zaune lafiya a tukunya sai in an kusanto masa da wuta.

To, akwai waɗanda ba su ƙoshi ba. Itilin kabon 2 ne da suka riƙe juna da hannu bibbiyu, haidirojin 4 kawai suka samu. Wancan riƙo na biyu ba shi da wuyar saki, don haka itilin akwai shiga sabgar wasu. Ikon Allah, ayaba da mangwaro da tumatir da kansu suke fitar da wannan iska idan sun ƙosa, ita ce ke sa su nuna. Tun 1901 wani masani ɗan Rasha, Neljubow, ya gano tana tasiri a kan tsirrai.

Tana da ƙanwa, asitilin, mai riƙon hannu uku-uku da haidirojin 2. Ita ce iskar da masu walda ke samu in sun zuba wa kabaid ruwa. Saboda kamar da suka yi, ɗan itace kan ruɗe ya ɗauka itilin ce. Nan ne wasu 'yan kasuwa suka samu ƙofa: a tsinko mangwaro ɗanye shar, a cusa ƙullin kabaid a kwando, a rufe. Bawo ya yi launi, ciki bai haɗa zaƙi ba. Babbar matsalar ma, kabaid na walda yakan zo da gurɓatattun abubuwa irin su asenik da fosfaras, masu guba. Hukumar NAFDAC ta hana nunar da kayan marmari da shi, kuma ta yi daidai, tunda yaranmu ne suka fi cin kayan nan.

Ido kaɗai ba ya raba gardama, uwargida, amma in kin ga farin gari a jiki, ko launi ya yi kyau alhali babu ƙamshi, ki haƙura da shi. Wanda kika saya ki wanke sosai, ki fere. In kuma ɗanye kika samu da araha, ki sa shi a jakar takarda tare da nunanniyar ayaba guda, ki naɗe bakin, ki duba bayan kwana 2 ko 3.