Koyon Shugabanci: Daga Madugun Ayari Zuwa Ma'aikacin Ofis

Gabatarwa

Wannan lacca za ta duba tambaya guda ɗaya ce, watau shin ana haihuwar mutum da shugabanci ne, ko kuwa koyonsa ake yi? Tambayar tana da muhimmanci, domin ɗalibin da ya gama jami'a yakan sami kansa a kan kujera, da akawuna da masinjoji a ƙarƙashinsa, waɗansunsu ma sun haife shi, alhali kuwa ba a taɓa koya masa yadda ake tafiyar da mutane ba.

Abin da Harshe Ya Nuna

Idan aka dubi kalmomin da Bahaushe yake kiran shugaba da su, za a ga ra'ayinsa a fili. Jagora, asalinsa mai jan gorar makaho ne, wanda amfaninsa duka shi ne ya ga abin da na bayansa bai gani ba. Madugu kuwa shi ne uban tafiyar fatake. A ƙarni na 19 ayari yakan tashi daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, domin sayo goro, da mutane ɗaruruwa, wani lokaci ma fiye da dubu, ana watanni a hanya. Madugu ne yake zaɓen zango, shi ne kuma yake daidaitawa da sarakunan da aka ratsa ƙasarsu kan abin da za a biya. Yana da mataimaka, kamar jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya, da uban dawaki mai tattara kuɗin da za a biya, da malamin ayari mai rubutu.

Abin lura a nan shi ne, fatake ba sa bin wanda bai san hanya ba, kome dukiyarsa. Madugu yakan fara ne da koran jakai tun yana yaro, ya san rijiyoyi da mashigan ruwa, ya ji harsunan mutanen hanya, ya ga yadda ake sasanta rigima a zango. Kafin a danƙa masa rayukan jama'a, ya riga ya yi shekaru yana bin wani.

Misali Daga Tarihin Nijeriya

Rayuwar Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta bi irin wannan tafarki. An haife shi a ƙasar Bauci a 1912, kuma shi ba ɗan sarki ba ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya koma ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci har ya zama shugabanta. A aji ne ya koyi bayyana magana mai wuya cikin sauƙi, da haƙurin jiran wanda bai gane ba. A farkon shekarun 1940 yana cikin masu halartar taron muhawara na Bauci, inda irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke tattauna al'amuran mulki a gaban manyan En'e da Turawa. A nan mutum yake koyon kare ra'ayinsa da hujja, ba tare da ya ci mutuncin abokin gardamarsa ba. Daga 1945 zuwa 1946 ya ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar London.

An ga amfanin wannan horo a watan Agusta na 1950, sa'ad da ya tashi a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, a Kaduna, ya kawo shawarar a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. A wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne talaka ya taɓa ikon sarakuna a bainar jama'a. Amma ya tsara maganarsa cikin ladabi da hujjoji, majalisa ta amince, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya sun kai ga Dokar En'e ta 1954. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, har ya je Amurka a 1955 ya ga yadda ake sufuri a kan manyan kogunanta, domin a gwada a Kogin Kwara. Ya zama Firayim Minista a 1957, watau shekara 24 bayan ya fara riƙe alli.

Duk da haka, tarihi bai rufe ido ga rauninsa ba. Masana da yawa suna ganin ya yi jinkirin ɗaukar mataki a rikicin da ya biyo bayan zaɓen Jihar Yamma na 1965, har sojoji suka yi juyin mulki a Janairun 1966, inda ya rasa ransa. Haƙurin da ya ɗaukaka shi a aji da majalisa bai wadatar ba a ranar da ake bukatar yanke hukunci da gaggawa. Ashe halin da ya kai mutum kan kujera ba lalle ne ya isa riƙe ta ba, sai ya ci gaba da neman abin da ya rage masa.

Kammalawa

Saboda haka, ɗalibin da yake son shugabanci ya fara da ƙaramar amanar da ke hannunsa, ko da ma'ajin ƙungiyar ɗalibai ne, ya riƙe lissafi yadda kowa zai iya dubawa. Sabon ma'aikaci kuma ya zauna da tsohon akawun da ya tarar, ya koyi yadda fayil yake tafiya daga tebur zuwa tebur kafin ya ce zai sauya tsari. Wanda ya riga ya hau kuwa, ya ajiye kusa da shi mai iya gaya masa gaskiya, kamar yadda madugu yake sauraron jagabansa. Takardar digiri tana iya ba mutum ofis a rana ɗaya, amma yardar na ƙasa da shi sai a hankali take samuwa, kuma ita ce take sa ayari ya isa gida lafiya.