Adana Baƙar Shinkafa: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya na Shekara



An umurce ni da in yi bayani a kan baƙar shinkafa, wadda asalinta daga ƙasashen Asiya ne, musamman Sin, domin wasu 'yan kasuwarmu sun fara zuba jari a kanta. Baƙinta a dusa yake, kuma sinadarin da ke ba ta launi dangin wanda ke sa zoɓo ja ne. Saboda haka ba a goge ta wajen casa kamar fara. To, a nan gizo ke saƙar, domin dusar tana da mai, shi kuwa mai idan ya haɗu da iska da zafi sai ya yi wari da ɗaci. Farar shinkafa takan shekara da shekaru lafiya lau, amma baƙa da wuya ta wuce wata 6 a ɗaki, sai dai a firji. Haka jar shinkafarmu ta fadamun Sakkwato da Kabi take idan ba a goge ta ba.

Shawarata, duk mai hali ya ajiye ta da ɓuntunta, ya riƙa casa gwargwadon bukata. Kafin a zuba a buhu, lallai danshinta kada ya haura kashi 14 cikin 100. Wanda ba shi da na'ura ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba shinkafar da busasshen gishiri, ya girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Game da ƙwari kuwa, buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 don wake, yana hana su iska har su mutu. Jarka ko ganga mai murfi ma ta wadatar, muddin an cika ta taf kuma ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba. A ɗora buhu a kan katako nesa da bango, musamman da damina.

Ina roƙon iyayenmu mata da 'yan kasuwa su guji jefa ƙwayar maganin ƙwari a shinkafar da ke ɗakin kwana, domin hayaƙinta yana kisa.